Indararon Ɗakin Inna

Ni tela ne, kuma in akwai abin da nake taƙama da shi a duniya, to awo ne. Mutum ya tsaya a gabana in dube shi sau ɗaya, na san inda kafaɗarsa ta faɗi. Shi ya sa da aka ce a kafa wa ɗakin Inna indararo, ban ko tsaya neman kafinta ba. Na ce mene ne a ciki? Kwano ne za a lanƙwasa a jera shi a bakin rufi, ruwan sama ya bi ta ciki ya faɗa duro. Wanda ya iya haɗa wuyan babbar riga ai ba wannan ne zai gagare shi ba. A shagona na Ƙanƙara na yi wannan cika baki, kuma a gaban mutane.

Ga yadda maganar ta taso. Inna, mahaifiyarmu, ita kaɗai ta rage a gidanmu na Mabai tun rasuwar mahaifinmu. Gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, rijiyar da ake sha kuma tana bayan gari, hanyarta ba ta biyuwa yadda ake bin ta a da. Da rani akwai mai kura da ke kawo mata jarkoki, amma da zarar damina ta sauka kowa ya yi gona, ba ka ganin ƙeyarsa. Yaya, babban wanmu da ke aiki a Katsina, ya zo da mota musamman don ya ɗauke ta, ta ce ba inda za ta. Aka yi ta ja-in-ja har ya gaji ya kafa mata sharaɗi. In ruwa zai riƙa samunta a ƙofar ɗaki duk daminar nan, ta zauna. Ran da ya ji ta ɗauki bokiti ta nufi rijiya kuwa, zai dawo da motar, kuma ba zai tsaya jin ta bakinta ba. Ni ne na kusa, don haka aikin ya faɗo kaina. Kuma ni ma, gaskiya, ba na son a tafi da ita. Ina son in hau babur in isa gida in tarar da uwata a tsakar gida tana tsintar wake.

Ɗakin Inna ciki da falo ne, ginin ƙasa da aka yi wa rufin kwano daga baya. Bakin rufin ya miƙe daga gabas, wajen ɗakin girki, zuwa yamma inda ya tsaya daidai kan katangar da ta raba mu da maƙwabta. Duron na ajiye shi a gabas, kusa da ƙofarta. Na sa maƙeri ya lanƙwasa mani kwano biyu, na haɗa su a tsakiya, na ɗauko tef ɗina na ɗinki da zare na hau tsani. Abin da na sani shi ne ruwa gangara yake bi. Sai na auna daga katakon bakin rufi, na bar gefen yamma a sama, na ɗan sauke gefen gabas. Na ɗaure da waya, na buga ƙusoshi, na sauko ina kakkaɓe hannu. Na ce Inna ta ba ni buta in nuna mata aiki.

Na zuba ruwan buta a tsakiyar indararon. Ruwan ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya juya a hankali ya nufi yamma.

Na sake aunawa. Tef ya ce gabas ta fi ƙasa, idona ma ya ce gabas ta fi ƙasa, ruwa kuma ya ce shi bai san zancen ba. Na zuba buta ta biyu, ya sake bin ta yamma. Raina ya ɓaci, na fara yi wa kwano faɗa kamar yana ji. Inna tana zaune a kan tabarma, ta ce wai ko dai butar ce ba ta ƙaunata. Ban yi dariya ba. Sai da na ja baya har bakin zaure na ƙura wa ɗakin ido, sannan na ga kamar shi kansa ginin ya ɗan kwanta yamma, rufin ya bi shi. Na ce kamar, don in na karkatar da kaina sai in ga ya miƙe. A ɗakin nan aka haife ni, ban taɓa lura ya karkace ba. To in ɗakin ya karkace, katakon da nake aunawa daga jikinsa ya karkace, daga ina zan fara awo? Na koma Ƙanƙara ran nan kaina a ɗaure.

Kafin in samo bakin zaren, aka yi suna a unguwarmu ta Mabai, sunan kuma ya haɗo mani mutum biyu da ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Akwai Baba, ƙanen mahaifinmu, daga Daudawa. Akwai Kawu, wan Inna, daga Sabuwa. Ba faɗa suke yi ba, gaisuwarsu ma ta fi ta kowa tsawo. Sai dai shi Baba yana ganin gidan ɗan'uwansa ne, komai za a taɓa a cikinsa sai da saninsa. Shi kuma Kawu yana ganin matar da ke cikin gidan ƙanwarsa ce, ba wanda zai nuna mashi inda lafiyarta take. Bayan an ci abinci suka shigo gaida Inna, suka tarar da ni a kan tsani.

Baba ya ɗaga kai ya duba, ya ce ai gangarar ce ta yi kaɗan, in sauke gefen gabas sosai. Aka shimfiɗa mashi tabarma a gindin duro ya zauna. Kawu ya zagaya yamma ya tsaya yana riƙe da haɓa, ya ce tun farko kuskure ne ajiye ruwan sha kusa da hayaƙin girki. Tunda ɗakin da kansa ya kwanta yamma, a bi shi a yadda Allah ya so shi, a sauke gefen yamma, daga baya a matso da duro. Shi ma aka kawo mashi tabarma. Ba wanda ya dubi wani a cikinsu, kowa ni yake yi wa magana.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce me ya hana in buɗe baki in ce ruwa ba ya bin hanya biyu. Yo ta yaya? In ce da Baba maganar Kawu ta fi, a gidan ɗan'uwansa? Ko in ce da Kawu ya yi haƙuri, a gaban ƙanwarsa? Na dubi Inna ko za ta cece ni, ta sunkuyar da kai tana gyaran bakin zanenta. In Baba ya ce "sauke," sai in ja tsani gabas in sauke. In Kawu ya ce "ƙara kaɗan," sai in ja tsani yamma in ƙara. Na yi ta kai da komo, gumi na zuba, ina cewa to Baba, to Kawu. Da suka ga ya yi masu, Baba ya miƙe ya karɓi guduma, ya hau matakin farko, ya yi bisimilla ya buga ƙusar ƙarshe ta gabas da hannunsa. Kawu da ya ga haka shi ma ya karɓa ya buga ta yamma. Suka sa mani albarka, kowa ya kama hanyarsa yana jin daɗi.

Da na tsaya na dubi aikin, sai na ga indararo ya yi tozo a tsakiya, gefe da gefe sun zube kamar an aza wa jaki kaya. Ga ƙusar Baba a nan, ga ƙusar Kawu a can. A wurinmu kuwa, ƙusar da babba ya buga da bisimilla ba yaro ne zai sa filaya ya zare ta ba, sai in yana son a daɗe ana ba da labarinsa a dangi. Ina da aure da 'ya'ya, amma a gaban ƙusoshin nan ni yaro ne.

Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne bakin yamma. Ya leƙa ta kan katanga, duk ruwan rabin rufi zai zuba ne a gidan maƙwabta. Wannan kuwa ba ƙaramin laifi ba ne a garinmu. Ruwan rufinka naka ne, kai za ka san inda za ka kai shi. Na sha ganin an je gaban mai unguwa a kan indararo, na ga waɗanda suka daina gaisawa a kansa. Maƙwabciyar tamu tsohuwa ce sa'ar Inna, muna ce mata Gwaggo duk da ba mu haɗa jini ba, ita ma 'ya'yanta duk sun watse sun bar ta ita ɗaya. Na shiga na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce zan san dabarar da zan yi kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ta leƙa ta dubi bakin kwanon da ke saman katangarta, ta tambaye ni lafiyar yara. Na fito ban san ko ta yafe ba ko fushi ne ya yi yawa.

Ruwa ya sauka sosai a makon. Washegari na bar ɗinki na hau babur, ina shirya abin da zan faɗa wa Yaya. Na shiga gida na ɗaga murfin duro, sai na gan shi cike taf.

Na tsaya ina kallon duro ina kallon indararo. Gefen Baba ya yi ƙasa da bakin rufi sosai, har ana ganin inda ruwa ya tsallake shi ya haƙa rami a ƙasa. Abin da ya samu shiga ma rabin rufi ne. Ta ina duro ya cika? Na tambayi Inna, ta ce ruwan Allah ne, da yawa ya zo. Aka sake yin wani ruwan, ɗan yayyafi ne wanda bai ko jiƙa ƙasan bishiya ba, na je na tarar duro ya kusa cika. Nan fa na fara zargin kaina. Na ce ko dai ni ne ban san ruwa ba? Ko tozon nan wata hikima ce ta manya da ban kai ga ganewa ba? Baba ya bugo waya daga Daudawa, da ya ji duro na cika ya ce ai ya faɗa, gangara ita ce magana. Kawu ya aiko daga Sabuwa cewa da ba a bi kwanciyar ɗakin ba da yanzu ana nan ana wahala. Har wani abokina a kasuwa ya ce in zo in yi mashi irin na gidanmu, na ce ya rufa mani asiri.

Yaya kuwa duk bayan ruwa sai ya kira. Tambayarsa ɗaya ce, duro ya cika? In ce ya cika. Inna ta je rijiya? In ce ba ta je ba. Ya ce to aikin ya yi kyau ke nan. Nan sai in ce layin ba ya da kyau.

Ranar wata Juma'a ruwa ya tare ni a gida da hantsi. Na zauna a bakin ƙofar falo na zuba wa indararo ido, na ce yau sai na ga ƙarshen wannan abu. Na ga gefen gabas yana tsiyayar da ɗan abin da ya samu, mafi yawa yana tsallakewa. Na ga gefen yamma yana kwarara ta kan katanga kamar an buɗe famfo, ina jin ƙararsa yana faɗawa cikin wani abu a can gidan. Da ruwa ya ɗauke na leƙa duro, ko rabi bai kai ba. Ina nan tsaye sai na ji sallama. Gwaggo ce, da ɗan bokiti a hannu, tana takawa a hankali saboda santsi. Ta juye a duro ta koma. Ta sake dawowa da wani. Ashe robobi da kwalla take jerawa a ƙarƙashin bakin kwanon, ta cika randarta, sauran ta kawo wa Inna kaɗan-kaɗan. Na karɓe bokitin na ƙarasa jigilar, kunya kamar ta kashe ni. Da na gama na tarar da su a kan tabarma ɗaya, Inna ta dama fura, Gwaggo ta ɗora ƙafar Inna a cinyarta tana shafa mata man zafi a gwiwa, suna zagin wani limami da ya daɗe da rasuwa saboda tsawon karatunsa.

Da Gwaggo ta tafi na fashe. Na ce wannan wace irin rayuwa ce, tsohuwa tana jigilar ruwa a cikin santsi saboda aikin banza? In ta zame ta karye fa? Na ce wallahi gobe zan zare ƙusoshin nan, Baba da Kawu su ce abin da za su ce, a kira ni mara kunya na ji. Inna ta bar ni har na gama, sannan ta ce in bar indararo yadda yake. Na ce Inna, ke ce fa kika hana mu ko watsa ruwan wanki ta wajen katangar mutane. Ta ce ta sani.

"Tun da ruwan nan ya fara zuba a gidanta, kullum sai ta shigo," in ji ta. "Ran da ba a yi ruwa ba ma sai ta zo duba ko duro ya yi ƙasa. In na faɗi a ɗakin nan, duro ne zai ɗaga ni?"

Na zo gyaran gangara, an ce mani karkatacciyar ita ce daidai. Kuma ba zan iya cewa Inna ta yi kuskure ba, ba kuma zan iya cewa indararon ya yi daidai ba, don ina ganinsa da idona. A hanyar komawa har na wuce kwanar gidana ban sani ba. Abin da na iya yi kawai shi ne na zuba tsakuwa a hanyar da Gwaggo ke bi, na sayo mata bokiti mara nauyi. In Yaya ya kira in ce duro ya cika, kuma ban yi ƙarya ba.

Haka muka ci rabin damina. Sai wata rana na zo na tarar da ƙofar Gwaggo da kwaɗo. 'Ya'yanta sun zo sun ɗauke ta zuwa Faskari, wai hankalinsu bai kwanta da zamanta ita kaɗai ba. Inna ta ce ko sallama ta kirki ba su samu yi ba, motar na jira, Gwaggo ta leƙo ta ce a yafe mata, shi ke nan. Ta faɗi wannan tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

Yanzu ruwan yamma yana zuba a gidan da ba kowa, ba roba ba kwalla, ya fara cin gindin katanga. Duro kuma ba ya wuce rabi. Na ga bokitin Inna a bakin ƙofa da laka a gindinsa, ban tambaye ta inda ya je ba, don ina tsoron amsar. Wannan karon ban nemi shawarar kowa ba. Na aika wa Baba da Kawu cewa katangar mutane za ta faɗi, dole a taɓa aikinsu, kowannensu ya ce ai dama gefen ɗayan ne matsalar. Na aro tiyo siriri mai haske wurin magina, irin wanda suke cika wa ruwa su gane daidaiton gini, don ruwan da ke bakinsa biyu kullum a layi ɗaya yake tsayawa, ba ruwansa da karkatar ɗaki. Ba mai riƙe mani ɗaya bakin, sai Inna ta ce in kawo. Ta tsaya a gabas ta manna shi a bango, ni ina yamma, ina tambayarta inda ruwa ya tsaya tana nuna mani da yatsa. Na sa alama da allin ɗinki, na auna sama daga alamomin, na ja zare. Ashe ɗakin ya kwanta fiye da yadda na zata. Na zare ƙusoshin nan biyu. Na ɗaga yamma har ta kusa taɓa kwanon rufi, na toshe bakinta, na bi zare ina saukowa gabas da ɗan kaɗan, abin da ido ma ba ya gani sosai. In ka tsaya daga ƙasa sai ka rantse yanzu ne ya karkace, don bai bi katakon ba.

Hadari ya haɗo da la'asar tun ban kwashe kayan aiki ba. Muka fake a falo. Ruwan ya sauko daga rufi ya faɗa cikin indararo, bai tsallake ba, bai tsaya ba, ya taho gaba ɗayansa gabas ya dinga zuba a duro. Ko ɗigo bai bi ta katanga ba. Kafin ruwa ya tsagaita duro ya cika yana tumbatsa. Daɗi ya kama ni kamar yaro, na fita cikin yayyafi ina kiran Inna ta zo ta gani. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi duro, ta daɗe tana duban katangar yamma. Ta ce aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka.

Na ciro waya na kira Yaya, ina ɗaga murya saboda ƙarar ruwa. Na ce yau kam indararo ya zauna, duro ya cika da kansa, Inna ba ta da sauran matsalar ruwa har ƙarshen damina. Ya ce madalla, to ta yi zamanta. Sai na ji Inna ta taɓa hannuna. Ba ta kiran sunan Yaya saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce mutumin Katsina.

"Ka ce ma mutumin Katsina ya zo da motar," ta ce. "Ko jibi ne, in ya samu sarari."

Na ce Inna, ga ruwa fa. Ta ce ta gani. Yaya yana ta cewa me ta ce, me ta ce, ni kuma na kasa maimaitawa. Ta juya ta shiga ciki, na ji tana jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado.